Ƙahon Ɓauna da Gashin Simone

Rodenhain, Lahadin farko ta Yuli, 1984

Zuwa ga matata Traudel,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Yaya ƙugun? Yaya tafiya da sandunan nan biyu? Ina fata masu gashin ƙashi na asibitin Bad Orb suna bin ki a hankali, ke ma kina bin maganarsu, ko da yake na san wannan na biyun da wuya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

To, albishirinki. Jikarki ta iso daga Amurka. Gwaggonta Loretta, ƙanwar Curtis mijin 'yarmu Heidrun, wadda take sajan a barikin Amurkawa na Darmstadt, ita ta tarbo ta a filin jirgi ta kawo mini ita har ƙofar gida. Traudel, hotunan da kika jera a kan kabad ba su faɗa miki komai ba. Simone doguwa ce a kan 'yar shekara bakwai, wankan tarwaɗa, goshinki ne sak a fuskarta, haɓar kuwa tawa ce, duk wanda ya ce ba haka ba a duba idonsa. An yi mata kitso manya guda biyu, kowanne ya kai kaurin hannunta.

Na san abin da yake cin ranki. Tun haihuwarta kike jiran ganinta, sai da ya rage kaɗan ta zo kika hau tsani, wai sai kin wanke tagogin sama saboda ita, kika faɗo. Ban ce komai ba a lokacin, yanzu ma ba zan ce ba.

Amma akwai maganar da ya kamata ki sani. Loretta ta zauna ta sha kofi, ta dubi kicin ɗin, ta dube ni, ta ce da Jamusancinta na bariki, "Baba Ottmar, ba raini ba ne, amma tsoho shi kaɗai da yarinya ƙarama?" Ashe sun riga sun yi magana da Heidrun ta waya. Idan yarinyar ba ta sake da ni ba, Loretta za ta ɗauke ta, su wuce Baltimore ta Amurka tare a ƙarshen wata in ta tafi hutu. Ke kuwa likita ya ce sai tsakiyar Agusta za a sallame ki. Na ce mata, "Sajan, akwai lokacin da na riƙe ma'aikata shida a shagon nan, babu wanda ya taɓa gudu." Ta ce, "A cikinsu akwai ɗan shekara bakwai?" Bakin matar nan da kaifi yake. Amma na yi miki alkawari, Traudel, za ki dawo ki tarar da jikarki a gidan nan.

Ga kuma abin dariya. Ƙaramar jakar yarinyar ta kayan gyaran kai ta ɓata a hanya. Loretta ta damu ƙwarai, wai za ta nemo wani mataji a kantin bariki ta aiko. Na ce, "Ki aiko da mataji gidan Ottmar Reitzel? Na roba kuma?" Na ja ta zuwa shago, na buɗe mata aljihun tebur ɗin nan mai shimfiɗar karan-miski. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta kwantar da hankalinta, tun ina shekara goma sha huɗu nake yanka ƙaho, daga sharar ƙurarsa na fara har na gina wannan shago da hannuna. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce to, ta shiga motarta.

Jamusancin Simone bai wuce na gaisuwa da neman abinci ba, don haka na sayo ƙamus. Kalmar farko da na duba ita ce ta sana'ata. Ashe su ma Turawan Ingila da sunan mataji suke kiran zankon zakara, kamar mu. Har da saƙar zuma suka haɗa, mu kuma muka haɗa da doron tsauni. Na karanta wa tsohon ma'aikacinmu Wendelin, sai ya ce, "Maigida, na zakaran ne ya fi dacewa da kai, dubi yadda kake tafiya tun da yarinyar nan ta zo." Na ce ya koma kan zartonsa.

Na ba ta mataji mafi kyau a aljihun, irin wanda nake kai wa manyan kantunan Frankfurt, mai haƙora sirara da ko haske da ƙyar yake ratsa su. Ta yi godiya da ladabi, ta ajiye shi a gefen gado.

Ki ci abinci sosai, ki daina ba 'yar ɗakinku rabonki. Wendelin yana gaida uwargida.

Mijinki,
Ottmar

Rodenhain, tsakiyar mako

Traudel tawa,

Bayan gaisuwa, yaya ƙarfin jiki? Na ji daɗin takardarki, musamman da kika ce kin taka har bakin lambu. Allah ya ƙara sauƙi. Furanninki na taga suna nan da rai, ina ba su ruwa.

Kin ce in faɗa miki komai kada in rage. To, ga shi.

Kwanakin farko lafiya lau. Tana cin dankali da kyau, ba ta son kabeji, tana bin kajin maƙwabciyarmu Frau Hartlaub tana yi musu Turanci. Ranar Alhamis na kai ta wurin iyo na gari. Ta yi ta wasa a ruwa, kitson ya warware, muka dawo na wanke mata kai da sabulunmu, ta kwanta. Da gari ya waye, Traudel, kan nan ya tashi ya cure wuri guda kamar ulun da kyanwa ta yi wasa da shi.

Na zaunar da ita a kujerar kicin, na ɗauko matajin nan nawa. Ta ce, "A'a, Kaka." Na ce ta bari ta ga aikin kakanta. Na kafa shi a tsakar ka, na ja ƙasa, yadda nake taje miki naki ranar Lahadi. Ƙarar da yarinyar nan ta yi, sai da Wendelin ya fito daga shago da gudu da zarto a hannu. Haƙora uku suka karye suka maƙale a ciki. Matajina, Traudel! Wanda ban taɓa jin an dawo da irinsa ba.

Ba ta yi dogon kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta ɗauko hular sanyina daga bayan ƙofa, ta ja ta har kunne. Tun ranar ba ta cire ba. Da ita take ci, da ita take kwana, cikin wannan zafi na Yuli. In na shigo ɗaki sai ta dubi hannuwana tukuna kafin ta dubi fuskata.

Washegari ta zo shago da takarda ta ajiye mini a kan tebur. Ta zana irin matajinta da ya ɓata. Wani abu ne mai mariƙi, da haƙora dogaye kamar yatsu, 'yan ƙalilan, tsakaninsu wawakeke. Na kasa riƙe dariya. Na kira Wendelin na ce, "Zo ka ga abin da ake taje kan 'ya'yan mutane da shi a Amurka. Wannan ai matajin doki ne!" Kin san su, irin na gezar doki da muke yanka wa manoma daga guntayen ƙaho mu zuba a kwando bakin ƙofa. Aikin ɗan koyo ne a shekararsa ta farko. Ko tambarina ba na buga musu. Wendelin ya juya takardar ya ce, "To ai sai ka yanka mata, Maigida." Na ce ni, da hannuna, in ba jikata abin da nake jin kunyar sa wa sunana? Ya ce, "Naka mai sunan ai mun ji ƙararsa har shago." Wata rana sai na kori mutumin nan.

Kin sani, Traudel, a sana'armu darajar mutum a sirancin haƙori take. Ubangidana da ya koya mini aiki yakan ɗaga matajin ɗan koyo ya duba ta taga, in ya hango hasumiyar coci ta tsakanin haƙoran sai ya jefa shi a wuta. Da wannan na tashi, da shi kuma na tsaya da ƙafata lokacin da roba ta kashe shagunan garin nan ɗaya bayan ɗaya.

Frau Hartlaub ta leƙo ta kan shinge ta ba da tata shawarar. "Herr Reitzel, a sa almakashi kawai a huta, ai zai sake fitowa." Tana faɗa tana nunawa da yatsu biyu. Yarinyar ba ta ji maganar ba amma ta gane yatsun. Sai da na yi ta nema kafin na same ta a ɗakin ajiyar ƙaho, bayan buhuna, ta riƙe hular da hannu bibbiyu. Na duba ƙamus na haɗa mata kalma uku, ba almakashi, alkawari. Ta fito, amma ba ta kama hannuna ba.

Ban kira Loretta ba. Zan san yadda zan yi. Kada ki sa damuwa a ranki, ki mai da hankali ga ƙafarki.

Naki,
Ottmar

Rodenhain, Juma'a

Zuwa ga Traudel,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa. Ashe ƙugu ne kawai ya karye, harshen yana nan garau. Kin ce tsohon jaki ne ni. Kin ce mataji don kai aka yi shi, ba kai don mataji ba. Ban yarda da maganar jakin ba, amma na bar ta a nan.

Kafin takardarki ma Loretta ta bugo waya. Ta nemi a ba ta yarinyar. Ban san abin da suka faɗa ba, na dai ji Simone tana amsawa da ƙaramar murya. Da na karɓi wayar Loretta ta ce, "Baba Ottmar, Lahadi mai zuwa ta sama ina tafe. Ka haɗa mata kayanta, ko da za a buƙata." Ban yi barcin kirki ba ranar.

Da safe na riga Wendelin shiga shago. Na ce bari in yanka abin nan in huta, aikin da ba zai kai ni shan kofi ba. Na ɗauki farantin ƙahon shanu da aka matse ya miƙe, na fitar da haƙora dogaye kamar yadda ta zana. Na sa yatsa na ɗan taɓa na farko, ƙas! Na ɗauki wani farantin, shi ma haka. Wendelin ya shigo ya tarar da ni a tsakiyar ɓaraguzai. Ya rataye rigarsa a nutse ya ce, "Ikon Allah. Ɗan koyo ya karya na doki."

Ga abin da ya faru, ki saurara, don ke ma kin yi shekaru kina goge mini mataji. Ƙaho yana da zare a cikinsa kamar rake. Matajinmu na kullum haƙoransa gajeru ne, suna jingine da juna, ko yaya ka yanka za su tsaya. Na doki kuma gajeru ne masu kauri. Amma haƙori mai tsawon yatsa, shi kaɗai a tsaye ba maƙwabci, dole ya bi zaren ƙahon daga tushe har baki, dole kuma ƙahon ya yi kauri ya yi tsawo. Ƙahon shanunmu ba zai ba da wannan ba. Duk shekarun nan ban taɓa yanka irinsa ba, ban kuma san wani a kwarin nan da ya taɓa ba. Ba aikin ɗan koyo ba ne. Na faɗa wa Wendelin haka, ya ce shi ai bai ce komai ba.

Ƙaho ɗaya ne a shagon nan da zai iya. Kin san shi. Baƙin ƙahon ɓaunan nan da na ɓoye a saman kabad, wanda na ce da shi zan yi miki matajin ado na cikar aurenmu shekara arba'in. Na so in rubuto in nemi izininki, amma in na jira takarda ta je ta dawo, ba zan gama kafin Lahadi ba. Na riga na sa masa zarto, Traudel. Na tsaga shi, na gasa, na matse shi a ƙarfe, gidan duk ya ɗauki ƙaurin da kike zagi. In kin yi fushi, ki yi da ni in kin dawo.

Ƙaurin ne ma ya jawo Simone. Ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci, da hularta. Na nuna mata zanenta da na manna a bango, na nuna mata baƙin farantin. Na buɗe ƙamus na nemo kalmar faɗi, na nuna tsakanin haƙora a zanen, na buɗe hannuwa alamar tambaya. Can sai ta matso ta ɗora hannunta a kan farantin, ta ware yatsu. Na ɗauki fensir na bi gefen kowane yatsa. Da wannan awon na yanka. Da ubangidana zai ɗaga wannan ta taga, ba hasumiya kaɗai ba, cocin gaba ɗaya zai hango har da limamin.

Yanzu kullum tana shago. Ina bin kowane haƙori da magagari ina zagaye bakinsa, ita kuma tana gogewa da toka da tsumma. Wendelin yana koya mata sunayen kayan aiki, da wasu kalmomin da na ce in kika ji su a bakinta shi zai yi bayani. Tana yawo tana buɗe aljihunan tebur, tana juya mataji ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa kwandon bakin ƙofa. Ƙamus ɗin ma ta fi ni riƙe shi yanzu. Hular dai tana nan. Ban ce ta cire ba.

Ki yi mana addu'a ranar Lahadi. Ki gaida 'yar ɗakinku.

Mijinki, wanda ba jaki ba,
Ottmar

Rodenhain, Litinin

Traudel, abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ƙafa kuma tana ƙara ƙarfi. Ki nemi wuri ki zauna, takardar yau doguwa ce.

Loretta ta iso bayan an fito coci. Na sayo kek ɗin tuffa, na shimfiɗa mayafin tebur ɗinki mai fure, akwatin yarinyar kuma yana bakin matakala a haɗe, kamar yadda aka umarce ni. Ko kallon kek ɗin ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban Simone, ta yi mata magana a hankali, ta zame hular.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi muni. Ya dunƙule ya kwanta gefe guda, ga gutsuren haƙoran matajina har yanzu a ciki. Loretta ta miƙe ta ce, "Baba Ottmar, gashin nan uwarta ta sha wahala kafin ta koyi riƙe shi. Kakar Simone ta can, uwata, takan zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyinta duk Asabar saboda shi. Ba abin wasa ba ne a wurinmu. Me ya hana ka kira ni?" Ta ce da yarinyar ta ɗauko takalmanta.

Na ce, "Sajan, kafin ku tafi." Na ɗauko shi daga aljihun rigata na ajiye a tebur.

Ya yi kyau, Traudel, ba don ni na yi ba. Baƙi wuluk, yana sheƙi, da wani jan zare siriri da ya ratsa mariƙin. Loretta ta ɗauka ta juya. Ta ja haƙoran a cikin damtsenta, inda fata take da laushi, tana neman kaifi. Ta tanƙwara ɗaya da babban yatsa, ya dawo. Ta cusa shi cikin nata gashin ta ɗaga. Ta ce, "Wa ya ba ka awon?" Simone ta ɗaga hannu ta ware yatsu.

Loretta ta ce, "Mataji rabin aiki ne. Kawo ruwan ɗumi a kwano, da tawul." Ta fito da man kitso daga jakarta. Na ɗauka ita za ta yi, sai ta ja kujera ta nuna mini. "Zauna. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. In ta yarda." Ta tambayi yarinyar. Simone ta dubi hannuwana, ta dubi matajin da ita ma ta goge, ta zo ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina.

Ashe duk abin da na sani a juye yake. Ba a taɓa shi a bushe. Sai an jiƙa, an shafa mai, an raba shi gida-gida. A fara warwarewa da yatsu. Sannan a riƙe tushen da hannu ɗaya don kada ya ja fata, a fara tajewa daga baki, kaɗan-kaɗan, ana hawa sama. Sau da yawa hannuna yakan koma tsakar ka da kansa, sai in ji, "Daga ƙasa, soja!" Ni da ban bari wani ya ɗaga mini murya a gidan nan ba tun da na gina shi. Wendelin ya zo wai ya manta tabaransa a shago, ranar Lahadi fa. Ya jingina da ƙofa ya ce, "Sajan, in kin gama da shi ki bar mini sirrin, shekara talatin ina nema." Loretta ta ce, "Kai ma zauna ka riƙe kwanon." Ya zauna ya riƙe.

Har rana ta karkata muna abu ɗaya. Kofi ya huce, bayana ya ƙage. Amma ko sau ɗaya yarinyar ba ta yi ƙara ba. Da gidan ƙarshe ya warware, matajin ya shiga daga tushe ya fita har baki sumul, gashin ya tashi ya zagaye fuskarta, mai laushi, mai yawa. Na taɓa gashi iri-iri a rayuwata, ban taɓa riƙe mai rai irin wannan ba.

Loretta ta yi mata kitso biyu, tana yi tana nuna mini. Sannan ta ce, "Simone, ke za ki faɗa. Mota ko Kaka?" Ta faɗa da Turanci ta maimaita da Jamusanci don in ji.

Yarinyar ta ɗauki matajin daga cinyata, ta juya bayansa, ta shafa mariƙin da yatsa. Ta fita, muka ji ta buɗe ƙofar shago. Ta dawo da abu biyu, ɗaya daga aljihun karan-miski, ɗaya daga kwandon bakin ƙofa. Ta jera su a tebur, ta sa nata a tsakiya. Ta nuna tambarina a kan na farko. Ta nuna na kwandon, babu. Ta nuna nata, babu. Sannan ta ce, da Jamusancin da ba wanda ya koya mata sai ƙamus, "Kaka, nawa na doki ne?"

Traudel, ashe ta ji ni ranar da na yi dariya. Ta riƙe kalmar, ta je ta nemo ta. Duk kwanakin nan da take goge haƙoran nan da toka, da wannan a ranta take gogewa. Ni kuwa wallahi ban hana shi tambari da gangan ba. Hannuna ne kawai bai taɓa kai ƙarfen kan mataji mai faɗin haƙori ba, har na gama ban tuna ba.

Wendelin ya ajiye kwanon, ya tafi shago ya kunna wuta.

Muka bi shi dukanmu. Na ɗauko ƙarfen tambarin, na sa a wuta har ya yi zafi daidai. Na ɗora hannunta a kan mariƙin katakon, na ɗora nawa a kai, muka danna tare. Hayaƙi ya tashi, da ƙaurin nan. Haruffan sunana biyu suka fito fes a kan baƙin ƙahon. Na ce mata, a hankali yadda za ta gane, "Wannan ne mafi wuya da na taɓa yi. Babu doki a duniya da ya isa."

Ta hura shi har ya huce. Ta soke shi a gindin kitsonta, ta wuce mu, ta kama akwatinta ta fara jan sa tana hawa matakala, gaf, gaf, gaf. Loretta ta bi ta da kallo, ta juyo ta ce, "To. A yanka kek ɗin."

Zan tsaya a nan, hannuna ya gaji. Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Ottmar

Rodenhain, Agusta

Zuwa ga matata Traudel,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da kika ce sanda ɗaya ta rage. Ranar Alhamis muna tafe ɗaukar ki, ni da jikarki. Ta zaɓi rigar da za ta sa, ta kuma haddace abin da za ta faɗa miki, ta hana ni in gaya miki.

Na gode da abin da kika rubuta game da ƙahon, cewa an riga an ba ki kyautarki. Duk da haka guntu ya rage, zai isa ɗan ƙaramin abin maƙale gashi. Haƙoransa sirara ne, kada ki damu, ban manta aikina ba.

Loretta ta tafi hutunta ita kaɗai. Kafin ta tafi ta zo ta duba kitsona, ta ce na hagu ya karkace amma za a iya fita da shi. Yanzu duk Asabar bayan karin kumallo muke zama. Frau Hartlaub takan leƙo ta shinge, na ce mata kallo kyauta ne, shawara ce ba a so. Hular sanyina ta koma bayan ƙofa.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Na san ki, kina ganin yarinyar nan hannunki zai tafi kanta, kuma na san akwai matajina a jakarki. Ki rungume ta yadda kike so, amma ki bar shi a jakar. Ranar Asabar zan kawo ruwan ɗumi, in ja miki kujera, in nuna miki yadda ake yi. Daga ƙasa ake farawa.

Sai mun zo.

Mijinki,
Ottmar Reitzel